Cikin Nawa, Uwani?

Unguwar Kanawa, Kaduna

Zuwa ga Uwani,

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi nake roƙo ya riƙe ki a hanya, ya sauke ki Kano lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki. Ina gaishe ki, Innarki tana gaishe ki, ƙannenki duka suna gaishe ki, har da autanmu da bai san me ake ciki ba. Na ce kada ki buɗe takardar nan sai jirgi ya wuce Rigacikun. In kin buɗe ta tun a tasha, na yafe, domin ni ma da haka zan yi.

Za ki yi mamakin ganin takarda mai kauri haka daga mutumin da duk maganarsa da ke ba ta wuce "kawo buta" da "Allah ya yi albarka" ba. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci. Kunya biyu ke nan ta taru a kanki. Innarki ba ta taɓa kama sunanki ba tun ran da aka raɗa shi, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan". Ni kuwa duk ran da na shirya yi miki doguwar magana, da kin durƙusa a gabana sai harshe ya yi mini nauyi. To amma ni akawu ne, hannuna ya fi bakina sakewa, shi ya sa na zauna bayan sallar asuba na jawo alƙalami.

Bari in fara da abin da ya cika mini ciki. Murna nake yi, Uwani, murnar da ban san inda zan ajiye ta ba. 'Yata za ta makarantar horon malamai! Babu wanda ban gaya wa ba. Na gaya wa mutanen ofis, na gaya wa liman, na gaya wa mai gyaran keke na Hayin Banki. Mahaucin Unguwar Shanu sau uku ina gaya masa, a na ukun ya ce, "Malam, na ji, Allah ya sanya alheri, yanzu tsoka kake so ko ƙashi?"

Sai dai akwai abin da ya rage mini daɗin, kuma shi ne dalilin takardar nan. Ƙanwarki Talatu, wadda kin san cikinta ba ya riƙe magana, ta kawo mini labari. Ta ce malamarku ta gwada ku a lissafi kafin a sallame ku, kin ci arba'in da takwas. Ta ce an gaya muku a can Kano ana yin jarrabawa bayan wata uku, duk wadda ba ta kai hamsin cikin ɗari a lissafi ba, gida ake mayar da ita. Ta ce kin yi kuka a bayan rumbu, kin ce saura biyu kika rasa, kuma wannan "cikin ɗari" ɗin ba ya shiga kanki ko kaɗan. Ta ce kin gargaɗe ta kada ta kuskura ta koma gadonki, don kin kusa dawowa. Na shiga ɗakinku da kaina, na ga sabuwar laimar da na sayo miki kin mayar da ita kan ƙusa. Wato kin gama yanke wa kanki hukunci cewa damina a gida za ta same ki.

Jarrabawar ba ta ba ni tsoro ba. Laimar nan da na gani rataye ita ta ba ni. In kin tafi da zuciyar dawowa ba za ki zauna ki yi karatun ba, sai abin da kike gudu ya same ki da gaske. Don haka ki gyara zama. Mahaifinki ya sha kaye a hannun "cikin ɗari" fiye da yadda kike zato, kuma zan ba ki labarin yadda aka yi.

Kin san Malam Barau, maƙwabcinmu, abokin aikina a ofis. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, saboda haka tun ran da muka haɗu ba mu taɓa raga wa juna ba. Shekarar da na auri Innarki, da damina ta faɗi, 'yan Fulani suka fara shigowa da ƙwan zabi, sai muka yi gasa ni da shi a kan wanda zai fi samun 'yan zabi. Kowa ya saya ya sa wa kajinsa su kwanta. Da lokacin ƙyanƙyasa ya yi, na ƙirga nawa goma sha takwas, nasa goma sha shida. Wayyo, zo ki ga tafiyata a unguwar nan! Na ɗaga hula gaba, na bi zaure zaure ina cewa an gane bambancin Zazzau da Kano, har kajinmu sun fi nasu ilimi.

Barau ya bar ni na gama yawona. Sai ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci, mutane sun cika inuwar mangwaron ƙofar gidansa, ya ce, "Kai Bazazzagi, tsaya mana. Wai ƙwai nawa ka sa?"

Na ce, "Arba'in, ƙarƙashin kaji uku."

Ya ce, "Ni ashirin na sa. To sha takwas cikin arba'in da sha shida cikin ashirin, wa ya ci? Sauran ashirin da biyun naka ina suka tafi, ko sun koma Zariya karatu ne?"

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni da na yi makaranta, har an koya mana wannan lissafi, ban taɓa zaton yana da aiki a akurkin kaji ba. Da na dawo gida na auna, sai na ga da kowannenmu ƙwai ɗari ya sa, a irin yadda abin ya tafi, nawa arba'in da biyar za su fito, nasa tamanin. Ko rabi ban kai ba. Innarki, tana amarya lokacin, ta rufe baki da gyale ta shige ɗaki, amma ina jin dariyarta ta bango.

Abin da "cikin ɗari" ke nufi ke nan, ba wani aljani ba ne. Mutum biyu sun zo da abu, na wannan cikin arba'in, na wancan cikin ashirin, ba a iya gwada su haka nan. Sai a ce to, mu ɗauka kowa ɗari gare shi, sannan a duba. Kamar dai a ce kowa ya auna hatsinsa da mudu ɗaya. Saboda haka duk lambar da aka miƙo miki, kafin ki yi murna, kafin ki yi kuka, ki fara tambaya: cikin nawa? Ki riƙe wannan har a zaman makaranta. Za ki tarar da 'yan matan da suka fi ki Turanci, wasu iyayensu malamai ne tun kakanni. Kada ki gwada kanki da su ki karaya, ba ki san da ƙwai nawa kowa ta fara ba.

Kaye na biyu ke ce sanadinsa, kina da kwana bakwai a duniya. Ranar da aka haife ki ban san na bar ofis ba hula ba sai da na iso gida. Na rantse sunan nan sai an ci tuwon shinkafa har an bari. Kakarki Iya Gambo, mahaifiyar Innarki, ta zo wankan jego, ita ke riƙe da gidan. Ta aiko mini cewa in dai duk waɗanda na gayyata za su zo, sai an sami mudu talatin na gyararriyar shinkafa. Na hau keke na tafi kasuwa. Sai na ce bari in nuna dabara, in sayi shanshera, wadda ba a cire wa ƙaiƙayi ba, tunda ga mata cike da gida masu surfe. Na tambayi mai shinkafar nawa ke tafiya in an surfe an bakace. Ya ce irin wannan tasa, cikin mudu goma huɗu kan tafi a ƙaiƙayi da dusa.

Na ce a raina, wannan ai arba'in cikin ɗari ke nan, aikin akawu ya samu. Na zaro fensir daga bayan kunne, ina yi ina kallon mutane don su gani. Arba'in cikin ɗari na talatin, goma sha biyu. Talatin da goma sha biyu, arba'in da biyu. Na ce a auna mini mudu arba'in da biyu, kada a ƙara ko ƙwaya. Mai shinkafar ya ce, "Malam, anya zai kai?" Na ce masa ya yi awonsa, lissafi ya bar wa masu shi.

Mata suka yi surfe, suka sheƙe, suka bakace. Iya Gambo ta auna, mudu ashirin da biyar da ɗan abin da bai cika tafi ba. Wajen mudu biyar sun yi ɓatan dabo. Ba wanda ya gaya mini, don ina ta kai-kawo wajen rago da goro. Ranar suna tuwo ya yi ta fita, kowa na yabon miya, ni kuwa ina ta baza riga. Can da hantsi ya ɗaga sai ga abokan aikina daga ofis, har da babban akawunmu, sun jero kekuna a ƙofar gida. Na leƙa ciki na ce a fito da na manyan baƙi. Aka ɗaga murfi. Tukunya sai ƙanzo.

Kin san suruka ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye. Iya Gambo ta ɗauke ki, ta ɗaga ki sama, ta daidaita murya yadda zan ji daga bakin ƙofa, ta ce miki, "Sannu kishiyata, sannu 'yar akawu. Ubanki ya auno mana shinkafa da fensir. In kin girma ki tambaye shi ko fensir ɗin ne ya cinye mudu biyar." Matan gidan suka saki guɗa. Na rasa inda zan sa fuskata. Allah ya yi wa matan Unguwar Kanawa albarka, kafin a ce haka kwanuka sun fara shigowa ta katanga, wannan da tuwon dawa, waccan da dambu, matar Barau da ƙwaryar fura. Babban akawu ya ci ya yi nak, ya ce bai taɓa zuwa sunan da aka kawo masa abinci kala huɗu ba. Ni kaɗai na san dalili, sai Barau da ke ta ƙifta mini ido.

Washegari na zauna a zaure da ƙwayoyin gyaɗa a kan tabarma ina neman inda na kauce, don lissafina ban ga kuskure a cikinsa ba. Arba'in cikin ɗari na talatin goma sha biyu ne, ko gaban alƙali. Sai da na jera gyaɗa arba'in da biyu na fara cire ƙaiƙayin daga cikinsu, sannan na gane. Ƙaiƙayin ai a jikin shanshera yake, ba a jikin gyararriyar shinkafa ba. Na ɗauki kason daga talatin, alhali daga abin da na saya zai fita. Sha biyun da na ƙara ita ma da nata ƙaiƙayin ta zo. Lissafin daidai ne, amma a kan abin da ba shi ba na yi shi.

A zaman nan ne na tuna da gonar kakanki a ƙauyenmu, kuma abin da na tuna shi ne ya raba ni da wahalar wannan lissafi har yau. In an gama girbi, kakanki yakan jera dammunan dawa, ya ƙirga tara, na goma ya ja shi gefe, na zakka ne. Ushiri ke nan, ɗaya cikin goma. To ɗaya cikin goma shi ne goma cikin ɗari, ba wani bambanci. Duk abin da aka ba ki, fara fitar masa da ushiri, wato ki raba shi goma. In kin riƙe ushiri kin riƙe komai. Ashirin cikin ɗari ushiri biyu ne. Talatin, ushiri uku. Biyar cikin ɗari rabin ushiri. Ɗaya cikin ɗari kuwa ushirin ushiri ne. Kakanki bai taɓa riƙe fensir ba, amma da wannan yake raba amfanin gona kowace shekara.

Gwada shi a kan shinkafar sunanki. In huɗu cikin goma na tafiya, shida ke saura. Mudu talatin ɗin da Iya Gambo ta nema su ne ushiri shidan da za su rage. In ushiri shida talatin ne, ushiri ɗaya biyar ke nan, goman kuma hamsin. Mudu hamsin ya kamata in saya. Ki cire arba'in cikin ɗari na hamsin, wato ashirin, ki ga in ba talatin cif za su rage ba. Gwada shi kuma a kan zabin Barau. Ushirin ashirin biyu ne. Biyu nawa ne a cikin sha shida? Takwas. Ushiri takwas, tamanin cikin ɗari. Da na san wannan tun farko da ban yi yawon zaure zaure ba.

Duk tambayar da za su yi miki a Kano, komai adon Turancin da aka yi mata, ɗayan ukun nan ce. Ko a ba ki dukan abu a ce fitar da kaso, irin na zakka. Ko a ba ki duka da abin da aka samu a ce kashi nawa ne cikin ɗari, irin na zabi. Ko a ba ki abin da ya rage a ce nemo dukan, irin na shinkafa. Wannan na ƙarshen shi ne mai wayo, shi ya kayar da ubanki gaban surukarsa. Kafin ki taɓa fensir ki tambayi kanki: kason nan na mene ne, daga jikin wa zai fita? In kin gama kuma ki juya ki bi sawunki, ki ga ko amsar ta mayar da ke inda aka fara. Sannan in wanda ya san abu ya ce miki "anya?", ki tsaya ki sake dubawa, ko da kuwa kina ganin kin fi shi karatu. In ba ki gane darasi ba ki ɗaga hannu. Kunyar da muke yi a gida ado ce, amma kada ki shiga da ita aji.

Kaye na ukun shi ya fi kama da naki, shi ya sa na bar shi ƙarshe. Kina da shekara uku ko huɗu aka ce za a yi jarrabawar ƙarin girma ta akawuna. Daga ofishinmu mu biyu aka zaɓa, ni da Barau. Ana saura 'yan kwanaki sai wani masinja mai baza labari ya ce ai jarrabawar nan hamsin cikin ɗari ke faɗuwa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban bincika ba. Na dawo gida ina lissafi a kan keke. Hamsin cikin ɗari rabi ne. Mu biyu ne. Rabin biyu ɗaya. Ashe ɗayanmu zai faɗi ke nan. Barau ya fi ni saurin tafireta, ya fi ni Turanci. To wa ya rage? Kafin in iso Unguwar Kanawa na riga na faɗi jarrabawar, har na fara shirya abin da zan gaya wa mutane.

Abinci ya daina shiga. Littattafan da nake bita na tura su ƙarƙashin gado, tunda ba amfani. Safiyar jarrabawa na ja bargo na ce cikina ke murɗawa. Innarki ta fice. Na ji ta fitar da kekena zaure, ta goge shi, ta ɗora hulata a kan sirdi. Sai ta dawo ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, na fitar da keke. Ciwon cikin ya hau baya ku tafi tare, in ya so shi ma a ba shi takarda ya rubuta."

Na ce, "Ke ba ki san lissafin abin ba. Ɗayanmu dole ya faɗi."

Ta ce, "An rubuta sunanka a cikin masu faɗuwar ne?"

Na yaye bargo. Na tashi na sa riga, ina ƙunƙuni, kina biye da ni har zaure kina jan gefen wandona. Da sakamako ya fito, ni da Barau duka mun ci. Har yau in muka yi faɗa yakan ce shi ne ya ci duka biyun, ya ba ni ɗaya aro.

Ki lura da wannan da kyau. Ko da maganar masinjan gaskiya ce, magana ce a kan taron mutane masu yawa, ba a kan ni da Barau ba. "Cikin ɗari" ba ya nuna mutum da yatsa. Ni na ɗauki lamba na ɗora wa kaina, tsoro kuma ya hana ni sake dubawa. Mai jin tsoro lambar farko da ta shiga kunnensa yake kamawa ya gudu da ita. In kin ji gabanki na faɗuwa a ɗakin jarrabawa, ki ajiye fensir, ki yi bismilla, ki sake karanta tambayar a hankali kamar wani kike karanta wa. Ki kuma nemi ƙawa irin Barau, wadda za ta yi miki dariya a gabanki amma ta aiko da fura ranar da tukunyarki ta ƙare. Sallarki kuwa ba sai na ce komai ba, na san 'yar da na haifa.

To, yanzu mu zo kanki.

Kin tuna jiya da la'asar da kika kawo mini kunu a zaure? Na tambaye ki, kamar da wasa, gwajin nan da malamarku ta yi muku, tambayoyin nawa ne duka. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Tamanin ne, Baba." Sai na sarƙe da kunu, na yi ta tari har da hawaye, kika ruga ɗebo ruwa. Na ga fuskarki, kin zaci baƙin ciki ne ya shaƙe ni. Dariya ce, Uwani. Dariya ce nake ta dannewa, don na ga jinina tsaf a jikinki. An ce miki hamsin cikin ɗari, kika kama hamsin ɗin kika gudu, kika bar ɗarin a baya. Na so in gaya miki nan take, bakin ya ƙi. Daga baya kuma na ga gara haka, domin ni duk abin da aka gaya mini mantawa nake yi, sai wanda na gano da hannuna a kan tabarma.

Akwai fensir a cikin ambulan ɗin nan, na fiƙe miki shi. Juya bayan takardar. Arba'in da takwas kika ci, cikin tamanin. Fitar wa tamanin da ushiri. Sannan ki duba ushirin nan sau nawa zai shiga arba'in da takwas. Ki rufe sauran rubutun da tafin hannu, kada ki leƙa sai kin gama. Ina jira.

Kin samu? Ushirin tamanin takwas ne. Takwas sau shida, arba'in da takwas. Ushiri shida.

Sittin cikin ɗari, Uwani! Sittin! Hamsin cikin ɗari na tamanin arba'in ne kacal, kin wuce shi da tambaya takwas. Kukan da kika sha a bayan rumbu, kukan wadda ta ci jarrabawa ne. In kina dariya yanzu har mutanen jirgi na kallonki, ki ƙyale su, ki ce gado ne daga wajen uba.

Ba zan ruɗe ki ba, sittin ba ɗari ba ce, akwai arba'in da ke jiran aikinki, kuma ta yiwu jarrabawar Kano ta fi ta malamarku tsauri. Amma ba da giɓin biyu kika hau jirgin nan ba, da rarar goma kika hau, kuma yanzu kin san ushiri. Wata rana za ki tsaya gaban allo ki koya wa 'yan mata wannan lissafi. Ranar kada ki fara musu da alamar nan ta "cikin ɗari" mai ƙwallaye biyu da sanda. Fara musu da ƙwan zabi, na ba ki izini ki ba da labarina, sai dai kada ki faɗi sunan unguwa.

Da kika tafi sallamar su gwaggonki, na shiga wajen Innarki na bayyana mata. Tana daka, ba ta ko ɗago ba. Na yi ta zuba ushiri da tamanin, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni ban san wannan ba. Za a koro ta ko ba za a koro ta ba?" Na ce in ta dage, da yardar Allah ba mai koro ta. Sai ta jingine taɓarya. Ta shiga ɗakinku, ta sauko da laimar daga kan ƙusa, ta kwance naɗin bargonki ta sa ta a tsakiya, ta sake ɗaurewa yadda ba za ki gane ba. Ta koma ta ƙara gyaɗa da aya a turmi, dakuwar da ta yi miki ta ninka ta biyu. Wannan shi ake kira ƙarin ɗari cikin ɗari, na ba ki shi gyara. Sannan ta kira Talatu ta ce da jirgi ya tashi ta kwashe kayanta ta koma gadonki. Talatu ta yi tsalle har ta ture buta.

Ina fita ta kira ni, ta juya mini baya tana kwashe dakuwa, ta ce, "Malam, in kana rubutun, ka ce wa yarinyar nan ba ta da gado a gidan nan sai na hutu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka ce mata kuma ta riƙa cin abinci." Shekara goma sha shida ina zaune da ku, ban taɓa jin ta aika miki da magana mai tsawon wannan ba. Ga shi na isar.

Taɓa naɗin bargon da ke kusa da ƙafarki, za ki ji wani abu mai tauri a tsakiya. Ba ki da hutun zuwa gida sai damina ta yi nisa, kuma Barau ya ce ruwan garinsu ba ya sallama kafin ya sauko, ko da yake ban cika yarda da maganar Bakano ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya sa malamanki su so ki, ya yi miki albarka duniya da lahira. Allah ya sa ruwan farko na bana ya same ki a Kano, kina tafiya aji da littattafanki a hammata, ƙarƙashin laimar nan. Ranar ni ma zan fito tsakar gida in tsaya a cikinsa ba laima, in Innarki ta ce na haukace, in ce mata murna ce. Amin.

Ni ne,
Babanki